JINI A GINDIN ƘWAƘWALWA DA DUSHEWAR GANI BAYAN BUGUN KAI

Jawabin da wani Likita ya yi wa taron Hakimai da Malamansu



Watakila wani zai ce, me ya haɗa Hakimi da zancen ƙwaƙwalwa, ai wannan aikin likitoci ne. To, ga dalili. In babur ya kā da mutum a ƙauye, ko doki ya yar da mahayinsa, ko aka sami faɗa wani ya rafka wa wani sanda a ka, kafin labari ya kai kunnen likita ya riga ya kai ga mai unguwa, ya kai ga dagaci, ya iso zaurenku. Sau da yawa maganarku ce ke raba gardama, ko a ɗauki mutum a tafi asibiti a ranar, ko a bar shi kwance a ga abin da gobe za ta yi. A irin ciwon da zan yi muku bayani kuwa, wannan jinkiri na kwana ɗaya ko biyu ya kan ci idon mutum, wani lokaci ma har da ransa.

Bari in fara da misali. A ce ga wani magidanci ya taso daga kasuwa a kan babur, ya faɗi, goshinsa ya bugi ƙasa. Ya suma kaɗan, ya farfaɗo, ya miƙe da ƙafarsa. Aka duba, ba karaya, ba wani jini sai ɗan ƙurjewa. Kowa ya yi masa barka, ya tafi gida. Bayan kwana biyu sai kai ya sare shi, ciwo irin wanda bai taɓa ji ba, ga amai, fatar idonsa ɗaya ta sauko ta rufe ido, yana ganin mutum ɗaya kamar biyu. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi a hanya, aka shiga turare da tofi. Ran na huɗu jiki ya saki, ya daina gane mutane. Wannan mutum ba iska ke damunsa ba. Jini ne ya fashe a wani ɗan wuri can gindin ƙwaƙwalwarsa, da an kai shi ga likita da wuri kuwa, akwai magani.

WANI ƊAN ƘULLUTU MAI BABBAN MUƘAMI

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, tsakanin idanu amma can ciki, akwai wani ɗan ƙullutu da likitoci ke kira fituwitari. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa kuwa wajen rabin giram ne. Yana zaune cikin wani gurbi na ƙashi mai kama da sirdi, har masu ilmin gaɓoɓin jiki suka laƙaba wa gurbin suna sirdin Turkawa. Wani ɗan siririn mariƙi ne ya haɗa shi da ƙwaƙwalwa, ta cikinsa ne kuma jijiyoyin jini da ke ciyar da shi su ke bi su sauko.

Aikinsa ba zai yi muku wuyar ganewa ba, gama irin naku ne. Ƙwaƙwalwa ita ce fada. Ƙullutun nan shi ne Hakimi, shi ke karɓar umurni daga fada ya rarraba wa dagatai. Takardunsa waɗansu sinadarai ne da a ke kira homon, jini kuwa shi ne manzon da ke kai su. Takarda guda tana zuwa ga ƙullutun wuya, wanda in ya kumbura mu ke cewa maƙoƙo, shi ke lura da ɗumin jiki da kuzari. Wata tana zuwa ga waɗansu ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda, su fitar da sinadarin da a ke kira kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin bugun jini da gishiri da sukari na jiki, musamman sa'ad da jiki ke cikin wahala. Wata tana lura da girman yara. Wata tana lura da al'adar mata da ƙarfin maza da haihuwa. Wata ita ke kawo nono ga mai jego. Wata kuma tana umurtar ƙoda ta tsimi ruwa, kada ta zubar da shi duka cikin fitsari. Kun ga ke nan, in Hakimin nan ya kwanta, dagatai duk sai su zauna jiran takardar da ba za ta zo ba.

MARARRABAR JIJIYOYIN GANI

Ido shi kaɗai ba ya gani. Shi dai ya kan karɓi haske, sa'an nan wata jijiya ta ɗauki saƙo daga bayan ido ta kai ƙwaƙwalwa. Kowace jijiyar gani zarurruka ne fiye da miliyan ɗaya aka tufke wuri guda, waɗanda suka tsinke kuwa ba su sāke tohowa. Kafin ta shiga cikin ƙoƙon kai, sai ta ratsa wata matsattsiyar kafa ta ƙashi mai tsawon wajen santimita 1, inda ba ta da wurin motsi ko kaɗan.

Da sun shiga ciki sai jijiyar dama da ta hagun su gamu, su yi mararraba, wajen rabin zarurrukan kowace su ƙetare zuwa ɗaya gefen. Waɗanda ke ƙetarewa su ne masu ɗauke da ganin gefe, watau abin da idon dama ke hangowa ta dama da abin da idon hagun ke hangowa ta hagun. Mararrabar nan tana bisa kan ƙullutun da mu ke magana, tsakaninsu bai fi santimita 1 ba. Ta dama da hagun na sirdin kuma akwai jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido da wadda ke ɗaga fatar ido. Saboda wannan maƙwabtaka, abin da ya sami ƙullutu ya kan bayyana a ido.

ABIN DA BUGU KE ƁATAWA

Ɓarnar iri huɗu ce, wani mutum ya kan gamu da ɗaya, wani fiye.

Na farko, fashewar jini cikin ƙullutu. Wani likitan Amurka, Pearce Bailey, shi ya fara bayyana wannan ciwo a shekarar 1898. Galibi ya kan sami mutumin da dā ma ya ke da wani ɗan tsiro a cikin ƙullutun bai sani ba. Tsiron nan mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, yana kuwa da yawa cikin mutane, gama a kan iske ƙanƙaninsa a wajen mutum 1 cikin 10, yawancinsu har su gama rayuwarsu bai dame su ba. Amma in ya yi girma, bugun kai na iya sa ya yi jini ko hanyar jininsa ta toshe. Sai ya kumbura nan da nan. Da ya ke ƙashi ya kewaye shi ta ƙasa, ba shi da mafita sai sama da gefe, sai ya danne mararrabar gani da jijiyoyin juya ido, ya kuma daina aika takardunsa. Wannan ba kasafai ya ke faruwa ba, amma in ya faru abin gaggawa ne.

Na biyu, rauni ga mariƙin ƙullutu da jijiyoyin jininsa. Sa'ad da kai ya bugu, ƙwaƙwalwa ta kan girgiza cikin ƙoƙo, shi kuwa ƙullutu yana kafe cikin sirdi, sai mariƙin ya ja, ko ya yage. Ko da mutum ba shi da tsiro, wannan ya isa ya rage aikin ƙullutun. A shekarar 2007 waɗansu likitoci suka tattara bincike da dama da aka yi a kan waɗanda suka tsira daga raunin ƙwaƙwalwa, suka iske cikin 100 wajen 27 sun sami nakasar aikin ƙullutun nan daga baya. Binciken da ya biyo baya wani ya sami ƙasa da haka, wani fiye, gwargwadon irin awon da aka yi, amma duk sun nuna abin ba na rainawa ba ne.

Na uku, rauni ga ita jijiyar gani cikin matsattsiyar kafarta. Bugu a goshi ko a gira, ƙarfinsa ya kan bi ƙashi ya sauka a kafar nan, jijiya ta ƙuje ko ta kumbura. Tun zamanin dā, Bukrata likitan Yunanawa ya lura cewa rauni a gira ya kan dushe gani. Galibi ido ɗaya ne, nan take kuma ganin ke raguwa ko ya ɗauke. Abin lura a nan shi ne, idon da kansa garau ya ke, ba ja, ba kumburi, ba hakiya. Ko likita ya haska cikin idon ran farko, sau da yawa ba zai ga canji ba, sai bayan mako 3 zuwa 6 kan jijiyar ya kan koɗe ya yi fari. Wani lokaci kuma, in goshi ya bugu ƙwarai, mararrabar ce da kanta ke yagewa.

Na huɗu, taruwar jini a bayan ƙwayar ido. Ido ya kan turo waje, ya yi tauri kamar dutse, ga zafi mai tsanani. Wannan awa 2 ma ta yi masa yawa, gama jijiyar gani ba ta jure rashin jini.

ALAMUN DA ZA KU SANAR DA JAMA'A

Duk wanda ya bugu a ka, sa'an nan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ranar ko cikin kwanakin da suka biyo, asibiti za a kai shi ba tare da jiran gari ya waye ba.

1. Ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, ko ya manta abin da ya same shi.
2. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, musamman a bayan idanu, ko wanda ke ta ƙaruwa.
3. Amai fiye da sau ɗaya.
4. Dushewar gani a ido ɗaya ko duka biyu.
5. Rashin ganin gefe. Mutum yana ganin abin da ke gabansa, amma yana karo da bakin ƙofa, kamar mai leƙen waje ta tsagin ƙyaure.
6. Ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko karkacewar ido, ko saukowar fatar ido.
7. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido ɗaya ya fi na ɗayan faɗi.
8. Ruwa garai garai ko jini yana ɗiga daga hanci ko kunne, ko kewayen idanu biyu ya yi baƙi, ko bayan kunne. Wannan alamar tsagewar ƙashin gindin kai ce.
9. Yawan barci, ruɗewa, sambatu, farfaɗiya, ko mutuwar hannu ko ƙafa.
10. Kasala mai tsanani, da jiri in ya miƙe tsaye, da sanyin jiki.
11. Ƙishirwa marar yankewa da yawan fitsari dare da rana.

Kada farfaɗowar mutum bayan suma ta ruɗe ku. Akwai jinin da ke taruwa sannu sannu tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, mai shi ya tashi ya yi hira da mutane, bayan 'yan sa'o'i ya sāke faɗuwa.

ABUBUWAN DA A KE RIKITA SU DA SHI

Jinin ƙullutun nan ya kan zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya da ƙin haske, sai ka rantse sanƙarau ne, balle in da bazara ne. Saboda haka lalle a faɗa wa malamin asibiti cewa mutumin ya bugu a ka kwanan baya, ko da ba a tambaya ba. Kalma ɗayan nan ta kan canja hanyar bincike duka.

Shi kuma yawan fitsari a kan ɗauka ciwon sukari ne. Ba shi ba ne. Lafiyayyen mutum ya kan yi fitsari lita 1 zuwa 2 a yini da kwana. Wanda ya rasa sinadarin tsimin ruwa ya kan zarce lita 3, wani har ya kai 10, fitsarin fari kamar ruwa, ba zaƙi cikinsa, ƙiyashi ba ya taruwa a kansa. In yana cikin hankalinsa kada a hana shi ruwa da zaton wai shan ne ke kawo fitsarin. Hana shi ruwa na iya kashe shi. Sau da yawa abin ya kan wuce cikin kwanaki ko makonni, wanda nasa ya zauna kuwa akwai maganin da ke tsai da shi.

GWAJI UKU DA MALAMI ZAI IYA YI

Waɗannan ba su maye gurbin likita, amma suna tona abin da ke ɓoye, gama mutum ya kan rasa ganin ido ɗaya bai sani ba, da ya ke ɗayan yana rufa masa asiri.

Na ɗaya, a rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a sa shi ya ƙirga yatsu ko ya karanta rubutu. A sāke da ɗayan. Sa'an nan a nuna masa wani jan abu, kamar jar dara, a tambaye shi ko janta ɗaya ne a idanun biyu. Idon da jijiyarsa ta taɓu ya kan ga jan ya koɗe.

Na biyu, Malam ya zauna fuska da fuska da shi, tsakaninsu kamu biyu. Ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kan hancin Malam. Malam ya kawo yatsa a hankali daga gefe, daga sama, daga ƙasa, mutumin ya faɗi lokacin da ya fara gani. In sai yatsa ya zo gabansa sosai kana ya gan shi, ganin gefe ya tafi.

Na uku, a cikin ɗaki mai duhu a haska tocila a ido ɗaya, a mai da ita ga ɗayan, a yi ta kaiwa da komowa. A lafiyayyen ido baƙin ɗigon nan tsukewa ya ke yi in haske ya same shi. In aka ga na ido ɗaya yana buɗewa sa'ad da haske ya iso kansa, jijiyar wannan idon ta sami rauni.

ABIN YI DA ABIN BARI KAFIN A KAI ASIBITI

Wanda ya bugu a ka, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu, sai likita ya ce a'a. Kada a fizge shi, kada a zaunar da shi da ƙarfi. A ɗauke shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya yana riƙe da kansa daidai da jikinsa. In zai yi amai a juya shi gaba ɗaya ta gefe, kai da jiki tare. A nemi mota, kada a goya shi a babur. In fatar kai na jini a danne da tsumma mai tsabta, amma in ƙashi ya lotsa kada a danna.

Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko kunu ko jiƙo. Kada a toshe hanci ko kunnen da ke ɗigar ruwa, kada ya fyace majina, kada a sa masa abin shaƙa. Kada a ɗiga kome cikin ido, ko tozali, ko ruwan ganye, ko nono. Kada a yi tsaga ko ƙaho a goshi, gama jinin da ke ɓarnar yana can ƙarƙashin ƙashi inda ƙaho ba ya kaiwa. Kada a ba shi asfirin da danginsa, suna ƙara zubar jini, haka kuma maganin barci da taramol, suna ɓoye alamun da likita ke nema. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a hanya.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Likita zai auna gani da bugun jini, ya ɗibi jini a auna gishiri da sukari da sinadaran ƙullutu. Za a ɗauki hoton cikin kai da na'urar CT, wadda aka fara amfani da ita a Ingila a shekarar 1971, ita ke nuna tsagewar ƙashi da taruwar jini da sauri. Amma don ganin shi ƙullutun da mararrabar gani, na'urar MRI ta fi ta. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba, saboda haka in aka ba ku takardar wucewa gaba, a tafi a ranar. Asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa.

In an zaci jini ne cikin ƙullutu, abin da ya fi kome gaggawa shi ne allurar haidirokotizon, wadda ke maye gurbin kotisol ɗin da jiki ya rasa. Rashinsa ne ke kashewa, allurar kuwa ba ta da tsada. Bayan wannan, in gani yana ta raguwa ko hankali na gushewa, sai a yi aiki a kwashe jinin da tsiron. Yawanci ba a fasa ƙoƙon kai, ta hanci a ke bi, hanyar da wani likitan Ostiriya, Hermann Schloffer, ya fara bi a shekarar 1907. An lura cewa waɗanda aka yi wa aiki cikin mako na farko sun fi samun komowar gani. Waɗanda nasu bai tsananta ba a kan kwantar da su a riƙa awon idonsu, da yawa su kan warke ba aiki.

Game da jijiyar da ta ƙuje cikin kafarta, gaskiya ita ce ba a sami maganin da ya tabbata yana komo da gani ba tukuna. A shekarar 1999 aka gwada sakamakon mutum 133, waɗansu an ba su magani, waɗansu an yi musu aiki, waɗansu an zuba musu ido kawai, ba a ga wani ya fi wani a fili ba. Duk da haka wajen rabinsu ganin ya kan ɗan ƙaru da kansa, sai dai wanda tun farko ko haske ba ya gani, nasa ya fi wuya. Dā a kan ba masu raunin kai magungunan nan dangin kotisol da yawan gaske. A shekarar 2004 wani babban gwaji da aka yi da mutum fiye da 10,000 ya nuna cewa cikin mako 2, wajen 21 cikin 100 na waɗanda aka ba suka mutu, alhali waɗanda ba a ba su ba wajen 18 ne. Ku dubi bambancin. Ɗan abin da ke cike gurbin da jiki ya rasa yana ceton rai, mai yawa kuwa ba bisa ƙa'ida ba yana cutarwa. Don haka kada kowa ya sayo irinsu a kemis ya ba mai rauni.

TAKARDAR MALAM

Ku Malamai, ga naku aikin. Duk wanda za a kai asibiti daga ƙasarku, ku haɗa 'yan rakiyarsa da gajeriyar takarda. Ku rubuta rana da sa'ar da abin ya faru, da abin da ya buge shi, da wurin da ya bugu. Ku rubuta ko ya suma, da tsawon suman, da sau nawa ya yi amai. Ku rubuta lokacin da ciwon kai ko dushewar gani ya fara, ko nan take ne ko daga baya, gama wannan shi ke nuna wa likita ko jijiya ce ta ƙuje ko wani abu ne ke danne ta wanda za a iya ɗagewa. Ku rubuta magungunan da ya saba sha, musamman na tsinka jini, da abin da aka ba shi a gida. Ku ajiye kwafi cikin littafin ofis.

BAYAN AN SALLAMO SHI

Nakasar ƙullutun nan ta kan ɓuya watanni. Mutum ya warke a ido, amma kullum a gajiye, yana jin sanyi cikin zafi, fatarsa ta bushe, ba ya iya noman da ya saba. Namiji ya rasa sha'awar iyali, gemu ya yi ta raguwa. Mace al'adarta ta ɗauke ba ciki. Yaro ya tsaya ba ya tsawo, tsararsa duk su wuce shi, ko balaga ta yi jinkiri. A gida a kan ce ragwanci ne, ko sammu, har aure ya mutu a kan abin da awon jini zai gano. Ya kamata wanda ya yi babban rauni a ka ya koma a auna shi bayan wata 3 zuwa 6, a sāke kuma in shekara ta cika. Kusan duk abin da ƙullutun ya daina aikawa akwai madadinsa na ƙwaya ko allura.

Wanda aka ɗora a kan haidirokotizon kada ya yanke shi ko kwana ɗaya sai da izinin likita. Ran da zazzaɓi ya kama shi jikinsa zai bukaci ƙari, likita zai koya masa adadin. In amai ya hana ƙwayar zama, asibiti zai tafi a yi masa allura. Ya riƙa yawo da takarda mai nuna ciwonsa. Shi da mai yawan fitsarin nan su shawarci likita kafin watan azumi. Wanda ya rasa ganin gefe kuwa kada ya tuƙa mota ko babur, gama ba zai ga abin da ke fito masa ta gefen hanya ba.

Akwai kuma maganar sulhu, wadda ta rataya a wuyanku. In faɗa ne ko haɗari ya jawo rauni, kada a yi gaggawar rufe magana a kan cewa ai ya warke. Kada kuma a ƙaryata wanda ya ce ba ya gani don kawai idonsa garau ya ke. A jira takardar likitan ido, domin kada a zalunci mai rauni, kada kuma a ɗora wa ɗayan abin da bai yi ba.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. Wani nazari na shekarar 2008 ya nuna hular kwano tana rage raunin kai ga mahaya babur da wajen kashi 69 cikin 100, mutuwa kuwa da wajen kashi 42. Amma sai ta kirki, a kuma ɗaura igiyarta, direba da fasinja duka. Ku hori 'yan acaba su bar gudu da lodin mutum uku ko huɗu. Ranar hawan salla a gyara fili, a duba majayi da linzami, a hana yara shiga gaban dawaki lokacin sukuwa. Ɗan damben da ya sha naushi har ya suma kada a bar shi ya koma fage a ranar, sai an duba shi. A yi wa rijiyoyi baki, a tsawata wa yara hawan dogayen itatuwa lokacin mangwaro.

Ranku ya daɗe, abin da na ke roƙo ku tafi da shi bai wuce uku ba. Ido na iya zama garau alhali jijiyarsa ta ji ciwo. Ciwon kai mai tsanani da canjin gani bayan bugu, ko da bayan kwanaki ne, na asibiti ne a ranar. Mutumin da ya canja hali ko ƙarfi bayan raunin kai kuwa, awon jini ya ke bukata, ba zargi ba. Ku tara dagatai da masu unguwanni ku karanta musu wannan takarda, su kuma su kai wa jama'arsu, har da wanzamai da masu ɗori, gama wurinsu a kan fara zuwa.